Idon taguwata ya yi fari: ko aikin leza da ake yi wa alfaka zai yi mata amfani?

Mai Taguwa, Maradi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da wata damuwa da ta hana ni sukuni kwana 9 ke nan, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta nan, inda akwai likitocin bisashe da makiyayan da suka fi ni sanin raƙumi.

Ina da taguwoyi 4 da wani yaro yake kiwata mini a bayan gari, wajen hanyar Dakoro, muna tatsar su muna kawo nonon cikin Maradi. Wadda ta fi su nono, mai ɗa ɗan wata 5, ita ce ta dawo daga kiwo da yammacin wata Talata tana runtse idon hagu, hawaye na zuba har ya yi mata baƙin layi a kunci. Yaron ya ce ya gan ta tana cusa kai cikin wata farar ƙaya tana neman ɗan ganyen da ya rage a can ciki, kamar yadda suke yi a wannan lokaci na rani da ƙasa ta bushe. Ban ɗauki abin da nauyi ba a ranar, kuma wannan sakaci nawa ne. Washegari wani maƙwabcin garkenmu ya hura mata garin gishiri da sukari a idon, ni kuma da na shiga kasuwa na sayi wani maganin ɗigawa a hannun mai tebur, muka riƙa ɗiga mata safe da yamma. Kwana biyu na farko jan idon ya ragu har na yi murna, amma daga baya sai baƙin idon ya rufe da wani shuɗi-shuɗi kamar hazon hunturu. Yanzu akwai farin tabo a tsakiyarsa wanda ya kai girman ƙwayar wake, wasu jajayen zare-zare kuma suna tasowa daga gefe suna nufo shi. Ba ta yarda a taɓa mata wannan ɓangaren fuska, cinta ya ragu, nonon ma ya ja baya.

Jiya ɗana da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa, inda likitoci a wani asibitin dabbobi na Amurka suke yi wa wata dabba mai suna alfaka aikin ido da hasken leza. Dabbar tana da dogon wuya da tsagaggen leɓe irin na raƙumi, sai dai ba ta da tozo, jikinta kuma duk gashi ne kamar tunkiyar Turawa. Ya ce mini dangin raƙumi ce. Tun da na ga wannan bidiyo zuciyata ta rataya a kansa, shi ya sa nake tambaya. Shin da gaske alfaka da raƙumi dangi ne har maganin idon ɗaya ya yi wa ɗayan? Shin wannan haske yana iya goge hakiyar da ke idon taguwata? Idan yana iyawa, akwai inda ake yi a Nijar ko a Najeriya, ko da Zariya ne ko Sakkwato? Ba na jin ƙyashin kashe kuɗi a kanta, domin ita ce rufin asirin gidana, amma ba na son in ɗora ta a mota in wahalar da ita da ɗanta a kan abin da ba zai yiwu ba.

Likitan Bisashe

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ba ta lafiya. Kafin in shiga maganar leza, ina roƙonka abu ɗaya da ba ya jiran gobe: ka dakatar da wannan maganin ɗigawa tun yau, ka ɗauko kwalbar ka karanta mana duk abin da aka rubuta a jikinta, kuma kada a sake hura mata gishiri ko sukari ko garin taba. Zan faɗi dalili a ƙasa.

Ɗanka ya yi gaskiya, dangi ne na sosai. Alfaka da lama da ƴan uwansu biyu na daji, wato bikunya da gwanako, suna zaune a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, kuma mafi yawan alfakar duniya tana ƙasar Peru, inda ake kiwon ta saboda gashinta. Kakanninsu da na raƙuminmu sun fito ne daga Arewacin Amurka, wasu suka gangara kudu, wasu suka ƙetara zuwa Asiya. Dukkansu suna da ƙwayoyin gado na kuromozom guda 74, har ma a shekarar 1998 an haifi ɗan gauraye tsakanin raƙumi da danginsa na Kudancin Amurka a Dubai ta hanyar ɗura maniyyi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta haɗa su a shekara guda, ta sanya 2024 ta zama shekarar raƙuma da danginsu. Idanunsu kuwa sun yi kama ƙwarai: manya ne, sun ɗan fito waje, ɗan tsakiyar idon a kwance yake, kuma a gefensa akwai wasu baƙaƙen ninke-ninke da ke yi masa rumfa daga rana. Wannan fitowa da idon ya yi ita ce take sa ƙaya da tsinken ciyawa suke samun sa da sauƙi, shi ya sa a wajen alfaka ma ciwon da likitoci suka fi gani shi ne rauni da gyambo a kan garai-garan fatar da ta rufe baƙin ido, wadda muke kira koniya. A alfaka kaurin wannan fata bai kai milimita 1 ba.

Yanzu ga maganar leza. Haske ne mai launi ɗaya tak wanda aka tattara shi a wuri ƙanƙani, kuma aikinsa ya dogara ne ga abin da ke shanye shi a cikin nama. An ƙera ta farko a 1960, kuma tun daga lokacin aka samu iri-iri, amma guda biyu ne likitocin idon dabbobi suka fi riƙewa.

Ta farko ita ce mai aiki da iskar kabon dayoksaid. Ruwa ne yake shanye wannan haske, kuma da yake nama mafi yawansa ruwa ne, duk inda aka ɗora ta sai saman wurin ya ƙone ya tashi kamar tururi, ƙananan jijiyoyin jini kuma su toshe nan take. Saboda haka ana amfani da ita a matsayin wuƙar da ba ta zubar da jini sosai, wajen cire tsiro a fatar ido ko a ɓoyayyar fata ta uku da ke kusurwar ido, musamman irin ciwon dajin nan da rana take haddasawa a dabbobi masu farar fuska da jan gefen ido. Sau da yawa likita yakan yanke tsiron da wuƙa tukuna, sannan ya bi gurbin da leza don ya kashe ragowar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

Ta biyu ita ce dayod. Ita ruwa ba ya tare ta, baƙin launi ne yake shanye ta, don haka tana iya ratsa farin ido ta isa baƙin naman da ke ciki. Babban aikinta shi ne ciwon hawan ruwan ido, wanda asibiti ke kira gulokoma. A cikin ido akwai wani ɗan nama da ke tsatso da ruwa kullum, ruwan kuma yana da magudanar fita. Idan magudanar ta toshe, matsi yakan hau, idon ya yi tauri ya kumbura, jijiyar gani ta mutu a hankali.  Likita yakan ɗora bakin na'urar a kan farin ido, milimita kaɗan bayan iyakar baƙin, ya ƙona ɗigo-ɗigo da dama a wannan nama don ya rage ruwan da yake samarwa. Aikin yana rage zafi kuma yana iya tsare ganin da ya rage, amma ba ya dawo da wanda ya riga ya tafi. Da ita kuma ake fasa ƙullutun ruwa da kan fito a gefen ɗan tsakiyar ido ya tare gani, abin da aka fi sani a dawaki. Gulokoma ba ta da yawa a raƙuma da alfaka, kuma yawancin abin da ake yi wa alfaka da leza an aro shi ne daga aikin da aka daɗe ana yi wa dawaki da karnuka.

Ka lura, Alhaji, cewa a duk abin da na lissafa babu ciwon taguwarka. Ban gan ta ba, kuma ba na yanke hukunci a kan idon da ban duba ba, amma yadda ka kwatanta, ƙaya ce ta karce koniya, ƙwayoyin cuta suka shiga, wurin ya zama gyambo ko ya tara mugunya a cikin kaurin fatar. Shuɗin da ka gani ruwa ne da ya jiƙe koniyar. Jajayen zaren nan kuma jijiyoyin jini ne da jiki yake turowa don ya warkar da wurin, sukan yi tafiyar kusan milimita 1 a rana, kuma ganin su alheri ne. Ɗora wuta a kan fatar da ta riga ta yi siriri saboda gyambo hanya ce ta huda idon. Ko a asibitin da aka ɗauki bidiyon nan, da aka kai musu alfaka mai irin wannan ciwo, abin da za su fara yi shi ne su ɗiga wani rini mai suna fuloresin, wanda yake kama duk inda fatar ta sale ya mayar da shi kore shar, sannan su buɗe fatun idon su nemi guntun ƙaya, su sa maganin kashe ƙwayoyin cuta sau da yawa a rana, da atirofin don sassauta murɗawar cikin ido, da allurar rage zafi. Idan gyambon ya yi zurfi, sai su ɗinka masa faci da jar fatar gefen ido, ko su ɗinke fatun idon na ɗan lokaci don su zama masa murfi. Wannan duka aikin allura da zare ne da hannu mai natsuwa.

Dalilin da ya sa na ce ka tsayar da maganin tebur shi ne yawancin irin waɗannan kwalabe suna ɗauke da sinadarin kotizon, kamar dekzametazon. Yana kwantar da ja da kumburi cikin kwana ɗaya ko biyu, mai dabba ya yi zaton an samu sauƙi, alhali ya ɗaure hannun jiki ne ya bar ƙwayoyin cuta da na funfuna suna cin koniyar har ta narke. Yadda ka ce jan ya ragu sannan idon ya rufe, ya sa nake zargin haka.

Game da tafiya kuwa, jami'o'in Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi, kuma Dubai ta buɗe asibitin raƙuma tun 2017. Sai dai ka tuna alfaka nauyinta kilo 50 zuwa 80 ne, mutum biyu suna ɗora ta a tebur, taguwa kuwa takan kai kilo 400 zuwa 500. Sa mata maganin barci gaba ɗaya yana bukatar a hana ta abinci na tsawon sa'o'i, domin abin da ke cikin tumbinta yana iya dawowa ya shiga huhu, kuma doguwar kwanciya da wannan nauyi tana iya danne mata jijiyar ƙafa. Shawarata ita ce ka bar ta inda take, ka ɗaure ta a inuwa nesa da ƙaya da ƙura, ka je ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa gobe da sassafe ka kawo shi garken, ka ce masa ya zo da fuloresin.

Tsohon Madugu, Dakoro

Sallama gare ku. Jikana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa, domin ni idona ya gaji da ƙananan haruffa. Na yi shekaru ina bin ayarin gishiri zuwa Bilma da Fashi tare da Abzinawa, kuma na ga idon raƙumi iri-iri.

Alhaji, ka ji maganar likita, amma ina so in kwantar maka da hankali ta wata fuska. Ko da wannan ido ya tafi, taguwarka ba ta tafi ba. Na ja akalar wani amale mai ido ɗaya har sau uku muna ƙetare Tenere, bai taɓa kasa ɗaukar kayansa ba. Abin da yake bukata kawai shi ne a riƙa zuwa masa ta ɓangaren da yake gani, a yi masa magana kafin a taɓa shi, kuma a wurin shan ruwa kada a bar sauran su matse shi ta makahon gefen. Nono ba ya fitowa daga ido. Zafin ciwon ne ya hana ta ci, cin da ya ragu shi ya janye nonon, kuma ranar da zafin ya kwanta za ka ga ƙwaryarka ta cika. Kuɗinta a kasuwa ne zai faɗi, kai kuwa ba sayarwa za ka yi ba.

Maganar gishiri kuma, ba zan kare ta ba ko da yake da hannuna na yi. A hanya ba mu da likita, abin da muka gada ke nan: mu tauna taba mu tofa, ko mu hura gishiri, ko mu yi lalas a bayan ido da jan ƙarfe. Wasu sun warke, muka ce maganin ne. Amma akwai wata budurwar taguwa da na hura wa gishirin Bilma kwana uku a jere, a rana ta huɗu da asuba na tarar idon ya fashe, ruwansa ya gangaro ya bushe a gashin kuncinta. Har yau ina ganin wannan fuska. Mu mun ce ciwon ido sai haƙuri, kuma da na yi haƙurin na bar ta da ruwa mai tsabta, wataƙila da ta tsira da idonta.

Akwai abin da ɗana likita bai ambata ba. A ƙarshen damina, lokacin ƙudaje, raƙumi yakan yi ta hawaye ba tare da ƙaya ta taɓa shi ba, kuma idan ka gurfanar da shi ka buɗe kusurwar idon za ka ga wasu fararen tsutsotsi sirara kamar zaren ɗinki suna iyo. A duba wannan ma. Sannan ina da tambaya gare ka, ɗana. Raƙuman nan roɗi-roɗi masu shuɗin ido da Abzinawa suke kira azargaf, da yawansu ba sa ji sosai, wasu kuma ganinsu yana da rauni. Shin wannan haske zai iya gyara irin nasu? Kuma da na ji kana cewa yana ƙona nama don ciwo ya kwanta, sai na ce a raina to ai lalas ke nan. Mene ne ya raba su?

Ma'aikaciyar Asibitin Ido, Maradi

Assalamu alaikum. Ni ba dabbobi nake dubawa ba, idon mutane nake aiki a kansa shekara da shekaru, amma tambayar Alhaji ita ce wadda nake ji kusan kullum a bakin marasa lafiyarmu, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Mutanenmu suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato hakiya da yana. Hakiya tabo ne a waje, a kan koniya, wanda gyambo ko rauni ya bari bayan ya warke. Yana kuwa a ciki take, madubin da ke bayan ɗan tsakiyar ido ne yake dushewa ya yi fari. Alhaji, idan ka haska tocila daga gefe da dare za ka iya rarrabewa: idan farin yana kan fuskar idon har ya rufe maka launin da ke ƙarƙashinsa, na waje ne, idan kuma fuskar idon garau take, farin yana can cikin ramin tsakiya, to yana ce. Ƴaƴan alfaka wasu da ita ake haifar su, kuma ana yi musu aiki.

Abin da nake so a fahimta shi ne aikin yana da mutane suke kira aikin leza, mafi yawansa ba leza ba ne. Ko dai likita ya yi ƙaramar tsaga ya fitar da madubin da ya dushe, ko ya sa wata siririyar na'ura mai girgizar sauti ta farfasa shi ta zuƙe, dabarar da wani likitan Amurka mai suna Charles Kelman ya fito da ita a 1967, kuma ita ce ake yi wa karnuka da dawaki da alfaka. Inda leza take shigowa a wurinmu shi ne bayan watanni ko shekaru, idan jakar da ta riƙe sabon madubin da aka dasa a gurbin tsohon ta yi hazo, sai a huda ta da wata leza mai suna YAG cikin mintoci kaɗan, mutum yana zaune ya kafa haɓarsa a na'ura. Muna kuma amfani da wata don ƙona jijiyoyin da ciwon sukari ya lalata a bayan ido. A duk waɗannan, mara lafiya yana jin magana, an ce ya kalli nan ya kalla, an ce kada ya motsa ya tsaya. Dabba ba ta yin haka, shi ya sa abin da yake aikin minti 5 a mutum yake zama aikin maganin barci a wurinta.

Ina goyon bayan likita ɗari bisa ɗari a kan kwalaben tebur. Na ga manomi da kan gero ya karce masa ido lokacin girbi, ya ɗiga irin wannan magani mako guda, ya zo mana koniyarsa ta yi laushi kamar dafaffen ƙwai. Ban taɓa mantawa da shi ba domin ƙaramin yaro ne ya jawo shi da sanda, shi kuwa bai wuce shekara 40 ba.

Likitan Bisashe

Baba Madugu, Allah Ya ƙara girma, ka tuna mini da abin da na tsallake. Tsutsar nan sunanta telaziya, ƙudaje ne suke ɗaukar ƴaƴanta daga hawayen wata dabba zuwa na wata. Ana kashe zafin idon da maganin ɗigawa a tsince su da ɗan hantsaki, a wanke, a yi allurar ibamektin mai kashe tsutsa. Haka kuma cutar sammoren raƙuma da ƙudan cizo yake yaɗawa tana iya sa hawaye da hazo a ido, sai dai ita takan zo da rama da zazzaɓi, kuma sau da yawa ido biyu take kamawa. Dundumi ma yana samun su a ƙarshen rani saboda rashin ɗanyen ganye.

Maganar azargaf ta burge ni, Baba, domin irin wannan abu yana nan a alfaka: farare masu shuɗin ido da yawansu kurame ne. Ƙwayoyin da ke ba fata da ido launi suna da aiki a can cikin kunne, idan suka yi ƙaranci tun a ciki sai jin ya samu matsala. Halitta ce ta gado, leza ba ta gyara ta. Abin da mai irin waɗannan raƙuma zai sa wa ido shi ne jan gefen fatar idonsu, domin wurin da babu baƙin launi shi rana ta fi ci. Duk wani ƙurji ko tsiro a nan da ya ƙi warkewa, a nuna shi da wuri tun yana ƙarami, lokacin da wuƙa kaɗai ta isa ta cire shi.

Lalas da leza kuwa duka zafi ne, wannan gaskiya ne. Abin da ya raba su shi ne wurin da zafin yake sauka da kuma awonsa. Lalas yana ƙona lafiyayyar fata a waje, nesa da ciwon, da zafin da ba wanda ya auna, kuma idan ya kusanci fatar ido tabonsa yana iya janye ta har idon ya kasa rufuwa ya bushe. Leza tana sauka a kan naman da ya lalace ko wanda ake son ragewa, a ɗigon da bai kai kan allura ba ko ya ɗan fi shi, na daƙiƙa ɗaya ko biyu da aka ƙidaya. Ita ma idan hannu ya kauce tana makantarwa, shi ya sa duk wanda ke ɗakin yake sa tabarau na musamman.

Mai Taguwa, Maradi

Na gode muku gaba ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Na dawo in ba ku labari bayan kwana 6.

Likita, zarginka ya tabbata. Ɗana ya karanta kwalbar, kuma dekzametazon yana cikin sunaye biyun da aka rubuta a jikinta. Washegari na kawo likitan dabbobi garken. Muka gurfanar da ita muka ɗaure gwiwoyin, ya yi mata allurar kwantar da hankali, ya ɗiga rinin nan, nan take tsakiyar idon ya yi kore kamar ɗanyen ganye, faɗinsa ya fi yadda nake zato. Da ya juya fatar ido ta sama sai ga ɗan tsinin ƙaya, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ya lafe a ciki yana gogar idon duk lokacin da ta ƙifta, kwana 10 cur. Ya zare shi ya ɗora mini a tafin hannu, na daɗe ina kallonsa. Bai ga tsutsa ba, Baba, amma ya duba kamar yadda ka ce.

Ya ba mu man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta a sa sau 4 a rana, da atirofin, ya yi mata allurar rage zafi, ya kuma ce mu dakatar da sayar da nononta har kwanakin da ya rubuta mini su cika, saboda maganin yana fita a cikinsa. Matata ta ɗinka mata wani ƙyalle mai duhu da muke ɗaurawa a akala yana rufe gefen daga rana da ƙuda. Yanzu tana buɗe idon da safe, hawayen ya ragu sosai, jajayen zaren sun isa bakin tabon, jiya kuma ta cinye harawar da aka zuba mata har tana neman ƙari. Ya gaya mini gaskiya cewa hakiya za ta zauna a tsakiya, amma yana sa ran za ta riƙa gani ta gefenta, kuma zai dawo ranar Asabar ya sake ɗiga rinin.

Saura tambaya ɗaya, Likita. Yaron da ke kiwon yana jin tsoron sa man, domin tana kaɗa kai da ƙarfi, kuma ina fargabar bakin bututun ya soki idon. Akwai yadda ake riƙe kan da hannun da ya fi aminci, ko in riƙa zuwa da kaina safe da yamma har ta warke?